Wayarka ta san Gaya, Bazabarme, amma ba ta san dala ba

Bawana Bazabarme, mushen lakwal a Gaya, ubangidanka Bagobiri na gaishe ka daga Tibiri. Labari ya iso mini cewa ka samo wata manhaja a waya, kana yawo da ita gida-gida, wai ta san inda yaro yake, ita ce za ta zaɓo masa darasin da ya dace da shi. Har alli ka daina taɓawa, wai yana ɓata maka riga, rigar da kowa ya san ta aro ce.

A Gaya dai? Garin da in ka matsa bakin kogi waya kan kama rezon Malanbil, ta yi maka barka da zuwa Benin, alhali an rufe gadar a 2023?

To, mu ce ta san wurin. Abin da ke cikin kan yaro fa? Dubi yarinyar da ke tallar rake a tasha. Ka miƙa mata faran 100, ta ce dala ashirin. Ɗan Kamba ya ba ta naira, ta juya ta sefa kafin ka gama tauna koptonka. Kullum ninkawa da rabawa da biyar take yi. Manhajarka ta jefo mata 20 × 5 da Faransanci, ta yi shiru, sai ta ba ta sifili, ta mayar da ita ƙirgen yatsu. Malamin ƙwarai daga dalar nan zai kama, ya ce ta faɗi yadda ta yi, ya ji inda ta zame, sannan ya kai ta ga rubutawa a allo.

Wannan ba sabon karatu ba ne. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, don yaro ya fi ganewa da harshen gidansu. Ajinka kuwa akwai mai Dandanci, da mai Zabarmanci, da mai Hausa, da mai Fillanci. Wanne manhajar ke ji?

Ban ce ka jefa wayar a kogi ba, na san bashi ka ci ka saye ta. Ka fara zama ka tsara abin da kake son yaran su iya, da yadda za ka gane sun iya, sannan ka kira ta ta yi maka aikin maimaici. Tarar wannan shirme kuma, gishirin Foga buhu guda, ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka danne.