Ruwan Ido da Fasfo a Aljihu

Ciwona ruwan ido, kuma ba yau ya same ni ba. Ko a gaban mai tsire sai na tsaya ina juya tsinke da tsinke har na bayana ya fara tsaki. Sai dai inda ciwon ya fi cin ƙarfina shi ne zaɓen jami'ar da zan je ƙasar waje in karanta harkar kasuwanci. Na fara zaɓen nan ina saurayi. Yanzu 'yata ta fari ta shiga firamare, ni kuwa ina nan ina zaɓe.

Kada a ɗauka lalaci ne, don na yi aiki kamar za a biya ni. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗi cewa makarantar ESCP ta birnin Paris, wadda aka buɗe a 1819, ita ake ɗauka mafi tsufa a makarantun kasuwanci na duniya. Na san Wharton ta Amurka an kafa ta a 1881, ta Harvard kuma a 1908, inda ake koyarwa ta hanyar kawo labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, a ce wa ɗalibi: da kai ne shugaba, me za ka yi? Na san INSEAD tana garin Fontainebleau a Faransa, tana da reshe a Singafo, kuma a wata goma ake gama digirinta na MBA. Duk wannan nakan zazzage shi a majalisarmu bayan sallar isha'i, ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Abokai har sun daina kirana da sunana, sai Farfesa.

Abin da ya ƙara lalata ni shi ne jadawalin da ake fitarwa duk shekara na jami'o'in da suka fi fice. Jaridar Financial Times tana da nata, QS na da nasu, Times Higher Education ma haka, kuma ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ita Financial Times ta fi kula da albashin da tsofaffin ɗalibai suke ɗauka shekara uku bayan kammalawa. Su QS kuwa sun dogara sosai ga abin da malaman jami'a da masu ɗaukar ma'aikata suke faɗi game da kimar makaranta. Mai hankali zai duba ɗaya ya wuce. Ni sai na buɗe wa kaina jadawali a kwamfuta, na haɗa duka ukun, na ƙara layin kuɗin makaranta, da na kuɗin haya, da na sanyin gari, da na nisan masallacin Juma'a, har da layin ko ana samun nama na halal. Ina gab da yanke shawara sai sabuwar shekara ta shigo, wadda take ta bakwai ta koma ta tara, sai in fara daga farko. Kuma, tsakanina da Allah, duk lokacin da hakan ta faru wani sanyi nake ji a raina, don na samu hujjar ƙara jira.

Amurka na fara nufa. Shekara biyu ake yi a can, kuma manyan makarantun suna son sakamakon jarrabawar GMAT ko 'yar'uwarta GRE. Na sayi littafin, mai kauri ne ƙwarai. Na karanta gabatarwa da kyau. Da na iso lissafi sai na tuna cewa ai shekara biyu ta yi yawa ga mai iyali.

Ingila ce ta kusa kama ni. Digiri na biyu a can shekara ɗaya ne, kuma a watan Yulin 2021 gwamnatinsu ta buɗe hanyar da ɗalibi zai zauna ya yi aiki shekara biyu bayan ya gama. Na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, na ci. Na nema, aka ba ni gurbi, kuma abin takaici, ba wuri ɗaya ba. Da ɗaya ce ta karɓe ni, da yanzu ina da digiri. Amma ga wata a babban birni mai tsadar haya, ga wata a ƙaramin gari mai araha wanda ko a taswira sai an ƙura ido. Na roƙi duka su ɗaga mini zuwa baɗi, don in yi nazari a tsanake.

Ina cikin nazarin, a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, fam ɗin Ingila kuwa ba a magana. Kuɗin da na tara, wanda a da zai biya makaranta har ya bar canji, ya koma bai kai rabi ba. A Janairun 2024 ɗin kuma Birtaniya ta hana ɗaliban irin digirin da nake nema tafiya da mata da 'ya'ya. Da na kai wa maiɗakina labari, ina shirin ta yi baƙin ciki, ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, “Baban Ummi, ai ni tuntuni na zazzage akwatina.” A nan na san ashe ta taɓa haɗa kaya.

Jamus ta ɗan ja ni, saboda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu. Amma sai ka ajiye kuɗin zaman shekara a wani asusu da ake kullewa, wanda ya kai yuro 11,904 daga watan Satumban 2024. Ga shi jami'ar Mannheim, wadda ta yi suna a fannin kasuwanci, tana jihar Baden-Württemberg, inda ake karɓar yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Na fara koyon Jamusanci a waya, na iya gaisuwa, na bari.

Akwai inda aljihuna zai iya kaiwa ba tare da wahala ba: Malesiya, Turkiyya, Masar. Abinci halal, kiran salla a ko'ina, yara da yawa daga Kano da Katsina sun je sun dawo. A nan ne wani ciwon na biyu, wanda na fi jin kunyarsa, ya leƙo. Ina son a ce. Ina son ranar da za a gabatar da ni a wurin ɗaurin aure, sunan makarantar ya sa a juyo a dube ni. Har gwaji nake yi ni kaɗai a mota, in faɗi sunana in haɗa da na jami'ar in ji wanne ya fi daɗi a baki.

Baffana ne ya gano wannan. A shagonsa na Kantin Kwari nake riƙe masa lissafi. Mutum ne da ya tsaya a allo da 'yar firamare, amma yana zuwa Guangzhou sayo kaya, da kalkuleta kawai yake ciniki da 'yan Sin, kuma a gabana ya sha yanke shawarar kwantena guda ta atamfa a waya kafin shayinsa ya huce. Wata rana ya leƙo kwamfutata ya ga layuka kala-kala, ya tambaya, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, “Ɗan nan, shi Aliko Ɗangote a ina ya yi nasa karatun?” Na ce, “Al-Azhar ta Masar, Baffa.” Ya ce, “To, ta nawa ce a takardar taka?” Na ce ba ta ciki. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini rasit ya ce in shigar.

Abin dariyar shi ne ilimin nan nawa yana amfani, ga wasu. Iyaye suna turo mini yaransu, ni kuma in zaunar da su in yi musu nasiha mai kyau. Nakan ce su duba ko makarantar tana da shaidar ɗaya daga cikin hukumomin tantancewa uku, AACSB ko EQUIS ko AMBA. Nakan ce su tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta amince da takardar idan sun dawo, ina tuna musu yadda a Janairun 2024 aka dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Nakan gaya musu tallafin Chevening yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu, kuma dole mutum ya koma gida na shekara biyu bayan ya gama. Daga ƙarshe in dafa kafaɗar yaro in ce, “Kada ka tsaya dogon tunani, ka zaɓi ɗaya ka yi istihara ka tafi.” Suna kuwa tafiya. Ɗaya daga cikinsu ya dawo daga Malesiya, ya samu aiki a banki, ya zo gaishe ni da kwalbar turare, ya ce, “Yaya, ba don shawararka ba da ban je ko'ina ba.”

Sakamakon IELTS shekara biyu yake yi ya mutu, nawa ya daɗe da rasuwa. Fasfona ma na sabunta shi ba tare da an buga masa hatimi ko ɗaya ba, wannan karon na karɓi mai shekara goma, saboda na san halina.

Kwanan nan Baffa ya ce in daina wahalar da kaina, ga makarantar kasuwanci ta Ɗangote nan a Jami'ar Bayero, adaidaita sahu ma ya kai ni, kuma shi zai biya. Na yi godiya sosai, na ce wannan karon an gama magana. Da daddare na tuna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana ba da MBA, har da na karatu daga gida ta intanet, ga kuma ta Legas da ake ta yabo. Na buɗe sabon shafi a kwamfuta, na ja layi uku.