Bazazzage, Kitson Iwobi Ne Ya Ci Mu?

Kai Bazazzage bawana, tun da ka baro Zariya ka tare a Ɗambatta muka ba ka aron gona, har yau kunyarka ba ta miƙe ba, amma a sharhin ƙwallo babu na biyunka. Da an tayar da janareto a gidan kallo, kai ne a bencin gaba, kai ne alƙalin wasa, kai ne koci.

Har gobe ba ka yafe wa Alex Iwobi ba. Ranar 11 ga Fabrairun 2024 Kwaddebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Abidjan. Mutum 11 ne a fili, amma shi kaɗai idonka ya gani. Aka ce me ya yi? Ka ce, "Ku dubi kansa mana! Kullum sai hoto da gayu!" To, kitson ne ya buɗe wa Haller na Kwaddebuwa hanya ya zura ta biyu? Irinka suka yi masa ca a Instagram har ya goge hotunansa, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi a sarara masa.

Shi kuwa Musa, ko sama ya doka ta, cewa kake iska ce. Na san dalili: ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018, ya dawo Kano Pillars a 2021, ya gina wurin wasanni a Kano, ga hannu a sake. Wa zai buɗe baki? Osimhen ma da ya fito a bidiyo ya wanke koci Finidi George tas a Yunin 2024, cewa ka yi zuciyar maza ce, don takunkumin fuskarsa ya tafi da imaninka. Da mai kitso ne ya yi haka, da har liman ka kai ƙara.

Ba mamaki. Kai ne fa ka sayo ragon layya a kasuwar Ɗambatta don ƙahonsa ya murɗe, ba ka ko taɓa gadon bayansa ba, aka yanka sai ƙashi.

Su 'yan wasan sun san da irinku, shi ya sa kowa ke kiwon sunansa a waya. Ƙafa ke buga ƙwallo, malam, ita za ka riƙa kallo. Sannan ka tanadi kuɗin sharata, Cika-ciki na tafe, kuma ba na karɓar bashi.