Saura Kaɗan Ya Tashi

Mu masu cutar ciro tsohon babur daga bayan rumbu mu ce za mu yi masa garambawul, ƙarya ɗaya muke yi, kuma yau zan tona mana asiri: muna cewa don tsimi ne. Duk wanda ya faɗi haka, ko dai bai iya lissafi ba, ko kuma uwargida yake yi wa bayani. Ina magana ne a kan Honda Roadmaster, mai silinda biyu da salansa biyu, wanda a farkon shekarun 1980 shi ne abin hawan hedimasta da malamin gona. Babur ne na doguwar tafiya, a hau shi da babbar riga daga Kademi, a bi ta Gaya da Wudil, a shiga Kano hula ba ta goce ba. Yau kuwa kaji ne ke kwana a kan kujerarsa, tankin kuma tsatsa ta mayar da shi rariya.

Yadda abin ke tafiya ba ya sauya zani. Bakanike zai zagaya shi sau biyu, ya taka kik, ya karkata kai kamar likita, ya ce, "Alhaji, ai fulogi ne kawai." A sa fulogi, kafireto ya ce shi ma a san da zamansa. A wanke kafireto, babur ya yi tari sau uku, ya turnuƙe unguwa da hayaƙi, sai a gano zoben fistin ya cinye. Fistin ɗin kuma biyu ne, saboda haka kowace masifa tagwaye take zuwa. Kayan Boxer ko a Gaya kamar gishiri suke. Na wannan kuwa sai an shiga birni da mataccen ƙarfe a leda ana bin shaguna, mai shago ya juya shi, ya kira wani dattijo, dattijon ya yi murmushi ya ce rabonsa da irinsa tun zamanin Shagari. Ba a ma zo maganar mai ba, wanda tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, ciyar da baki biyu ya zama aikin masu ƙarfin hali.

'Yan'uwana za su ce ai ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne. Na yarda, injin da ya haura shekara arba'in yana numfashi ba a raina shi. Amma mu ji tsoron Allah: bayan an sauya sarƙa, taya, fitila, waya da birki, duk da sababbin kayan Sin, me ya rage na Japan ban da ƙashin bayan da sunan da ke jikin tanki?

Masu hankali kuma za su ce to a kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo mana. A nan ne na raba gari da su. Boxer jaki ne, Allah ya sa masa albarka: buhun gero, akuya da surukarka duk zai kai su kasuwar Wudil ranar Juma'a, ba wanda zai waiwaya. Roadmaster doki ne, kuma ban taɓa jin an tare mahayi a hawan sallar Gaya an tambaye shi ribar nawa ya ci a kan dawar da dokinsa ya cinye ba. Kiwo muke yi, mu faɗi sunansa kawai. Bambancin shi ne doki ba a tura shi. Namu kuwa sai an tara yaran unguwa a gangare, mai shi na sama ya sa giya ta biyu yana zufa cikin babbar riga, bakanike na biye da sifana yana kiran, "Ku ƙara gudu, saura kaɗan!"