Alhaji Ba Sisi

Ranar da na shigo Yalwawa da jif ɗina 'yar Kwatano, ƙirar Toyota Highlander, sai da na zaga layinmu sau biyu kafin in tsaya a ƙofar gida, don kada wani maƙwabci ya ce bai gani ba. Wata uku ina jin kaina kamar kwamishina, har gaisuwata ta koma ɗaga yatsa biyu daga kan sitiyari.

Wata akuya a garin Shuwarin ce ta fara sauke mini girman kai. Na je sayen dabino, ina dawowa ta faɗo titi ba sallama. Na taka birki da iya ƙarfina, sai na ji yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, yana gurnani kamar injin barzar masara. Na ɗauke ƙafa a tsorace, na kama salati. Akuya ta tsallake da sauran kwananta, ta waiwayo ta yi mini kallon raini. Na ce a raina, shi ke nan, 'yan Kwatano sun sayar mini da mota mai farfaɗiya.

Bayan mako biyu, a tsakiyar watan Agusta, muka kai amarya wani ƙauye gaba da Jahun. Laka har gindin ƙofa. Da muka dawo kan kwalta sai ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, da haruffa uku a cikinta: ABS.

Da yamma na kai ƙara majalisarmu. Wani ya ce ma'anarta "Allah Ba Sa'a", in yi sadaka. Wani tsohon direban tifa ya ce "A Bi Sannu" ce, ba wanda ya saurare shi. Abokin wasana kuwa ya leƙa ya gani, ya ce, "Ai motar ta gane mai ita. Alhaji Ba Sisi ke nan." Aka bushe da dariya, ban san annabci ya yi ba.

Makaniken farko bai ko buɗe ƙofar motar ba. Ya daki taya da ƙafa ya ce, "Alhaji, birki ne ya cinye." Ya sauya na gaba da na baya, ya juye man birki ya zuba sabo. Na tayar da mota, fitila ta kama, ta yi zamanta. Ya sosa ƙeya ya ce, "Sai ta saba da sabon." Na biyu ya kara kunne a jikin injin kamar mai sauraron gulma, ya yanke hukunci cewa famfon ABS ɗin ya mutu, sai in tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in sayo wani. Da ya faɗi kuɗin, na lissafa na ga ragon layya ne da ɗinkin yara a haɗe.

A nan basirata ta motsa. Na sayi baƙin salatif a kanti, na yanko ɗan guntu na liƙe fitilar. Uwargida ta shiga mota ta tambaya, "Maigida, an gyara?" Na ce, "Kina ganin wata fitila?" Ta ce, "Ina ganin salatif." Na kunna rediyo.

Kwana goma na yi ina yabon dabarata, har ranar da ruwa ya tare ni a hanyar Kiyawa. Wani mai amalanke ya karyo kwana, na danne birki. Wannan karon babu kakkarwa, babu gurnani. Tayoyi suka ƙame, mota ta kama sulɓi, ina murɗa sitiyari dama tana tafiya inda ta ga dama. Muka sauka a gonar gero, a hankali, cikin mutunci. Mai gonar ya ɗago daga noma ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ai da ka jira kaka, da an kai maka har gida."

Ɗan yayata ne ya kai ni wurin wani matashi mai gyaran wayar mota, wanda a haife na haife shi. Ya ɓare salatif ɗin bai ce komai ba, shirun nan ya fi zagi ciwo. Ya durƙusa ya jona wata 'yar na'ura a soket mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda dokar Amurka ta tilasta wa motocin ƙasar tun 1996. Ya ce wasu na'urorin masu araha injin kaɗai suke karantawa, tasa tana shiga har birki. Ba a yi minti biyu ba lamba ta fito: C0210.

"Baba, tayar baya ta dama ce ta daina magana."

Ya ɗaga mota da jak, ya cire taya, ya kwance ƙusa ɗaya, ya zaro wani abu kamar ɗan yatsa, ya yi dumu-dumu da lakar Jahun da garin ƙarfe. Ya ce sensa ke nan. Kowace taya tana da tata, tana ƙirga juyawarta tana kai wa kwamfuta rahoto. Idan aka taka birki da ƙarfi, kwamfuta ta ga wata taya za ta ƙame, sai famfo ya riƙa saki yana kamawa fiye da sau goma a daƙiƙa guda, don sitiyari ya ci gaba da jin magana.

"To kakkarwar nan ta Shuwarin fa?"

"Aikinta ke nan, Baba. Lafiyarta ƙalau a ranar. Dannewa ake yi a riƙe, ba a ɗauke ƙafa."

Ya ƙara da cewa idan rahoton taya ɗaya ya yanke, kwamfuta kan janye hannunta ta kunna fitila, a bar mutum da birki irin na da. Wani lokaci fis ne, ko waya ta tsinke, ko boris ya lalace. In kuwa jar fitilar birki ta kama tare da ita, a faka mota nan take a duba man birki. Wai tun 1978 kamfanin Bosch da Mercedes suka fito da abin a Jamus. Na yi shiru, don na girmi fasahar, ita kuma ta girmi yaron, amma ni ne baƙo a wurin.

Ya goge sensar da tsumma da tsohon buroshin haƙori, ya mayar, ya share lambar, muka zaga gari. Fitila ta kama na 'yan daƙiƙu da aka tayar, ta mutu, ba ta sake dawowa ba. Ladan aikinsa bai kai abin da na biya mai gona kuɗin geronsa ba.

Har yau a majalisa Alhaji Ba Sisi ake kirana, na kuwa amsa, don da kuɗina na sayi sunan. Kai mai jif ko Hilux, in fitilar nan ta kama maka, a jona na'ura ta faɗi ciwon kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya. Kafin ka isa garejin kuma, ka riƙe fassarar tsohon direban tifa: a bi sannu.