Talo-talo a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Ƙanina da ke karatu a Amurka ba ya barin mutum ya zauna lafiya. Duk ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba mutanen can suna bikin godiya, gida-gida a gasa talo-talo sukutum, a ci a kasa cinyewa. Shi kuwa washegarin bikin ne ke burge shi: a yanyanka ragowar naman siri-siri, a jera tsakanin burodi biyu da cuku, a shafa man shanu ta waje, a danna cikin na'ura mai zafi sama da ƙasa irin ta Italiyawa masu panini, har burodin ya yi ƙuras-ƙuras cukun ya narke. Ya ce, "Yaya, ranar da ka ci wannan ka daina zancen gurasa da tsire." Bakano za a ce wa ya daina zancen gurasa! Na ƙulla abin a raina.

Ana nan sai maƙwabcinmu mai kiwon talo-talo ya kira mahaucin unguwa ya yanka masa na Kirsimeti, ya aiko mana da gasasshen ƙirji. Uwargida kuwa ta kwashi yara sun tafi biki Zariya. Gida ya zama nawa, kicin ma haka. Tsuntsun nan fa asalinsa Mekziko, mutanen can suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Ya ƙetare teku, ya keta ƙasashe, ashe a hannuna wahalarsa za ta ƙare.

Burodi na saya wurin mai shayi, mai laushin nan. Cuku akwai wanda wani aboki ya yo mini tsaraba daga Agadas, irin na Buzaye, busasshe falle-falle. Na ce cuku ai cuku ne. Na'ura ce babu. Ƙanin nawa ya ce marasa ita sukan ɗora kasko mai nauyi a kai, ko bulo a naɗe cikin takardar alminiyam. Ni kuma na ce me zai kai ni ɗaukar bulo, ga dutsen guga mai zafi da nauyi wuri guda? Har gobe ina ganin dabarar nan ta cancanci lambar yabo.

Na jona dutse, ya fara ɗumi ke nan, ƙit, aka ɗauke wuta. Ban karaya ba. Na jawo na gawayi daga ƙarƙashin gado, tsohon nan mai zakara a ka, na cika shi da garwashi, na yi ta fifita da mafici har ya yi jajir. Takardar alminiyam babu, sai na naɗe kayana da jarida. Masu tsire ba da ita suke naɗi ba?

Na ɗora dutse, na dafa da hannu biyu, na saki dukan nauyina. Burodin ya yi wani dogon numfashi, fuuu, hayaƙi ya turnuƙe. Da na ɗaga, abin da na jera mai kaurin tafin hannu ya koma kamar faifai. Jaridar ta manne, na ɓamɓare ta a hankali, sai ga rubutu ya fito raɗau a jikin burodin, a juye. Da zan kai shi gaban madubi da na karanta labarin tsadar taki. Toka kuma ta zubo ta ramukan gefen dutsen, na yi kamar ban gani ba.

Ita waccan na'urar tana gashi ta ɓangare biyu da matsakaicin zafi, don ɗumi ya isa tsakiya kafin waje ya ƙone. Dutsen gawayi bai san matsakaici ba. Sama ya yi baƙi ƙirin, ƙasa ya jiƙe da mai, naman tsakiya na nan da sanyinsa, ga shi ƙirjin talo-talo dama ba shi da kitsen kirki. Cukun kuwa ko gezau. Abin da aka yi don ya jure ranar Sahara a bayan raƙumi, ina ruwansa da dutsen guga? Na haɗa shayi mai kauri na yi ta turawa, haƙorina na hagu yana ƙorafi. Da ƙanina ya kira ya tambaya, na ce masa gurasa ta fi, kuma ban yi ƙarya ba.

Uwargida ta dawo daren Alhamis, wuta ba ta dawo ba. Da safe tana goge mini farar babbar riga ta Juma'a sai na ji ta yi salati.

"Baban Abba, wa ya soya nama da dutsen nan?"

Na ce, "Maman Abba, ni da dutsenki me ya haɗa mu?"

Ta ɗago rigar. Ga shatin dutse na maiƙo a gadon baya, tsininsa yana kallon sama. Lokaci ya ƙure, na yafa rawani a kai na fice. A masallaci dattijon da ke kusa da ni ya yi ta jan hanci tun daga huɗuba. Ana sallamewa ya matso ya rage murya.

"Alhaji, don Allah mai tsiren nan a wane layi yake?"