Masu Taya Matuƙi Sauka

Jirgin da ke ƙafa 35,000 a sama yakan fara gangarowa tun saura kusan kilomita 200 ya isa fili. A ƙarshe sai ya bi gangare mai karkatar digiri 3 kacal, yana rage kimanin ƙafa 700 a kowane minti. Aikin mutum biyu ne da ke zaune a gaba. Amma da zarar iska ta bugo daga gefe, sai kujerun baya su cika da mataimakan da ba wanda ya ɗauka aiki.

Akwai Mai Birki. Ya dafe hannun kujera, ya tokare ƙafa a ƙasa, jirgi ya yi dama shi ya yi hagu. Idan an sauka, ya fi matuƙin gajiya.

Wanda ya fi shi ɓarna shi ne Malam Na-Sani. Titin saukar Kano ya miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai da iskar hunturu da ta damina, sai dai guguwar hadarin farkon damina ba ruwanta da wannan tsari. A irin ranar ce Na-Sani zai lura hancin jirgi na kallon wani wuri dabam, ya dafa maƙwabcinsa ya ce, "Ɗan'uwa, yaron nan ya saki hanya. Sabon hannu ne." Alhali da gangan ne. Yadda mai kwalekwale ke juya goshinsa wajen da ruwa ke tahowa don ya fita daidai mashaya, haka matuƙi ke juya hanci cikin iska. Sai tayoyi sun kusa taɓa kwalta yake taka feda, filafilin wutsiya ya miƙar da jirgin, ya ɗan sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska. Shi ya sa tayoyin gefe ɗaya ke riga na ɗayan sauka. Na-Sani kuwa ya samu hujja: "Ka gani ko? Da ƙafa ɗaya ya dira."

Sai Mai Alwashi. Girgiza ta farko, ya yafe wa ƙaninsa bashi. Ta biyu, ya juya wajen mutumin da bai taɓa gani ba: "Alhaji, mu yafi juna." Idan kuma matuƙi ya ga saukar ba ta daidaita ba, ya ba injuna wuta ya sake tashi don ya zagayo, abin da ƙa'ida ta umarce shi kuma ake yaba masa a kai, to Mai Alwashi ya ƙara da rago. Kafin akwatinsa ya fito, ragon ya koma zakara, bashin ƙanin kuma ya farfaɗo.

Mai Waya bai da lokacin tsoro, hoto yake ɗauka, yana fatan fiffiken ya ƙara karkata kaɗan. Danginsa ba su da iyaka. A watan Fabrairun 2022, da guguwar Eunice ta afka wa Ingila, sama da mutum 200,000 suka zauna suna kallon Big Jet TV kai tsaye, jirage na kokawa da iska a filin Heathrow.

Alƙali kuma da ƙugunsa yake yanke hukunci. Saukar da bai ji ba ita ce ta gwani, wadda ta jijjiga shi ta ɗan koyo. Bai san cewa a titi mai ruwa ko cikin iska, da gangan ake dira da ɗan ƙarfi don tayoyi su kama ƙasa birki ya ci ba. Ko ka faɗa masa, kallon ɗan'uwan matuƙi zai yi maka.

Jaririn da ke tsala kuka ne kaɗai mai ƙorafi na gaskiya: iskar cikin jirgi na ƙara matsi yayin gangarowa, kunnensa na ciwo, sai an ba shi nono ya haɗiya ya samu sauƙi. A gefensa wani bawan Allah na minshari tun Abuja.

Tayoyi na taɓa ƙasa, jirgi bai ko rage gudu sosai ba, Mai Gaggawa ya kwance bel ya miƙe yana jawo jaka. Ma'aikaciya na ta kiran "Alhaji, don Allah a zauna," shi kuwa waya na kunnensa: "Mun sauka, kawo motar bakin ƙofa."