Tsugunne Ba Ta Ƙare Ba

Gudron da ya taso daga Yamai ya ratsa Gidan Rumji, ya gitta ta Maraɗi, ya bi Cadawa da Agye da Gazawa ya nufi Tasawa da Damagaram, ba ni da ƙorafi a kansa. Rigimar tana farawa ne sa'ad da ka sauka daga kansa za ka shiga ƙauye. Can hanya ta amalanken shanu ce: kwari biyu dogaye da tayoyinsu suka haƙa, da tudun rairayi a tsakiya. Tayoyin ƙaramar mota su faɗa kwarin, cikinta ya hau tudun, sai ka gan ta tana ta wulwula ƙafa ba ta zuwa ko nan da can. Dattawan da suka ci zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ba su san wannan wulaƙanci ba, don ita doguwar ƙafa gare ta. Ni kuwa Corolla Allah ya ba ni, mota mai haƙuri da ƙarancin shan mai, sai dai gajera ce.

Ɗan baffana da ke harkar motoci a tashar jirgin ruwa ta Lome shi ya ji kukana. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayanmu suka koma biyowa ta can, shi kuma ya koma mai magana da ƙarfi a cikin dangi. Ya ce akwai amortisa ta zamani da ake sarrafawa da waya: ka latsa ɗaya mota ta tashi, ka latsa uku ta kwanta. Na aika masa da kuɗin da uwargida ta ɗauka na katangar bayan gida ne, ya aiko mini da kwali.

Bari in yi wa mai karatu bayani, tun da koyarwa ce sana'ata. Amortisar da kowa ya sani abu biyu ce a haɗe: resor na ƙarfe da ke ɗauke da nauyin mota, da bututu mai mai a ciki da ke hana ta yin tsalle bayan ta faɗa rami. A wannan sabuwar, an cire resor an sa jakar roba mai kauri da ake hura wa iska. Kwampiresa mai aiki da volt 12 na batir shi ke cika tanki har wajen bar 10. Daga tanki iska ta shiga akwatin bawuloli mai 'yar kwamfuta a ciki, ita ke raba wa kowace ƙafa rabonta. A kowace ƙafa kuma akwai ma'aunin tsayi mai ɗan hannu da ke gaya wa kwamfutar ko motar ta yi sama ko ta yi ƙasa. Samarin Amurka da Japan suna sayen abin ne don su kwantar da motocinsu a ƙasa a ɗauki hoto. Ni tashi nake nema. Ba ma sabon tunani ba ne: Citroën DS ta Faransa tana ɗaga kanta da kanta tun 1955, shekara biyar kafin Nijar ta samu 'yancin kai.

Makanikin da ya saba duba mini mota ya leƙa kwalin, ya juya jakar robar a hannu, ya ce, "Mushe, kawo ta garaji mu lallaɓa tare." Na ce masa wannan ba aikin guduma ba ne, aikin karatu ne. Bai ce komai ba, ya dai nemi in biya shi tsohon bashi kafin in fara.

Takardar bayanin da Turancin Ingila da Sinanci aka rubuta ta, ni kuwa da Faransanci na yi lakwal. Amma akwai hotuna, kuma a hotunan an nuna wani Bature cikin ɗaki mai daɓen siminti, motarsa a rataye a sama, yana murmushi. Ni gindin bedi na samu a tsakar gida, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haure digiri 40. Na kafa kirik na fara juyawa. Na juya, na juya, motar ba ta motsa ba. Da na leƙa, ashe kirik ɗin ne ke nutsewa cikin rairayi. Na sa masa katako, ya ɗaga. Sauran abin da zai tokare motar in shiga ƙarƙashinta, don ko yaron garaji ya san ba a ba kirik amanar rai. Na waiga na ga turmin uwargida, na kirya, wanda ta zo da shi daga gidansu. A ranar ba a yi daka ba, kuma har na gama aikin fura daga maƙwabta ake sayowa, ana ajiye mini ita da ƙarfin da ya wuce na ajiye kwano.

Ɗaura amortisar guda huɗu bai ba ni wuya ba, in ban da farcen babban yatsa. Bututun iska ne ke da tsirfa. Baƙar roba ce mai kaurin alƙalami, ana cusa bakinta cikin mahaɗi sai wasu haƙora su cafke ta, wani zoben roba ya toshe iska. Takardar ta zana wata 'yar aska ta musamman da ake yanka shi da ita, amma ba ta cikin kwalin. Almakashin ɗinkin uwargida yana yanka atamfa ninki huɗu, ban ga dalilin da roba za ta gagare shi ba. Na ja bututun baya ta hanya mafi kusa, wadda ta bi ta gefen salansa. Wayoyi kuma ja da baƙi na gane su. Akwai wata siririya ruwan ɗorawa da hoton ya nuna da ɗan makulli a kusa da ita. Na fahimci ana nufin waya ce mai muhimmanci, shi ya sa na ba ta matsayi na ɗaura ta kai tsaye a kan batir.

Da la'asar na latsa ɗaya. Kwampiresa ya ɗauki gurnani, Corolla ta miƙe har ana iya hango kaji ta ƙarƙashinta. Yaran unguwa suka yi sowa. Na latsa uku, ta fara durƙusa ƙafafun gaba, sannan na baya, kamar raƙumin Buzu da aka ce wa ya sauke kaya. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Mushe, ashe karatun naku yana da rana." Na kwanta a daren nan ina jin da ministan sufuri zai ratso Agye, dole ya biyo ta gidana.

Can tsakar dare gurnani ya tashe ni. Ya yi ɗan lokaci ya yi shiru. Barci ya fara ɗaukata, ya sake tashi. Abin da ke faruwa shi ne, almakashi matse bututu yake yi kafin ya yanka, bakin ya fita a karkace, zoben roba bai kama shi daidai ba. Iska na zurarewa, tanki na raguwa, kwampiresa na tashi ya cike gurbi. Wayar nan ruwan ɗorawa kuwa ita ce ya kamata ta bi ta makullin mota, don in an kashe mota komai ya yi barci. Da wanda ya zana hoton ya zana makullin da girma, da duk unguwa ta yi barci. Da gari ya waye wata yarinya ta yi sallama da ƙwaryar gero a ka, wai innarta ta ce a niƙa mata, sun ji an kawo inji.

Batir ya mutu murus, motar kuma ta kwanta a kan cikinta. Turawa ba ta yiwuwa, don ba a tura abin da ke kwance. Sai da na ari batirin hasken rana na maƙwabci. Neman inda iska ke fita kuma da ruwan sabulu ake yi: a shafa a kowane mahaɗi, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Na ba yara kwano da soso. Duk mahaɗan suka yi kumfa, har da wanda ban kai ga haɗawa ba, don yaran sun juye garin sabulun wankin mako guda a kwanon. Na sake yanke bakunan da reza, na mayar da wayar mazauninta.

Saura abin da takardar ta fi nanatawa: kafin a hau hanya sai kwamfutar ta koyi motar, kuma sai a wuri mai daidai, ba tudu ba gangare. Na zagaye gidana da idon basira na gane tun da aka gina shi babu taki ɗaya da yake daidai. Daga ƙarshe wani ɗan kasuwar aya, wadda ita ce arzikin ƙasarmu daga Cadawa har Gazawa, ya ara mini daɓen simintin gaban sitonsa. Na latsa, na koma gefe. Motar ta ɗaga gaba ta sauke, ta ɗaga baya ta sauke, ta karkata hagu, ta karkata dama, ba kowa a ciki. Kafin ta gama, masu auna aya sun bar tiya sun kewaye mu. Wata tsohuwa ta matso ta dube ta da kyau, ta ce da ni a hankali, "Ɗana, wannan ba ta makaniki ba ce. A nemo mai goge." Wayar ta nuna wani jan rubutu game da ƙafar baya ta dama. Da yake ƙasarmu ba a fara tafiya da mugun fata, na share shi.

Ranar gwaji ta zo daidai da bikin 'yar ƙanwar surukata a wani ƙauye bayan Tsibiri. Muka je Gazawa muka ɗauko surukar tawa, Hajiya. Aka sa buhun aya biyu, da kwallayen gara, da tabarmi, da wata goggo da ba a ambace ta ba sa'ad da ake shirya tafiyar. Wanda ya ƙera na'urar ya ɗauka mai mota ne ke yanke nauyin da motarsa za ta ɗauka. A nan dangi ke yankewa. Hajiya ta zauna a baya ta dama.

Shi ma'aunin tsayin, ɗan hannunsa yana iya kallon gaba yana iya kallon baya, kuma duka biyun yana ɗauruwa lafiya lau, wanda a ganina aibin maƙeri ne. Na ƙafar baya ta dama kuwa, baya yake kallo. Saboda haka in motar ta yi sama sai ya ce wa kwamfuta ta yi ƙasa, kwamfuta ta ƙara iska, ya ce ai ta ƙara yin ƙasa. Kafin mu kai Agye, kusurwar Hajiya ta tashi har ƙarshen iyakarta. A madubi na ga ɗankwalinta yana shafar rufi, ita kuma tana gangarowa kan goggo sannu a hankali. Ga kunya: ba na iya juyawa in dube ta, ita ma ba ta iya yi mini magana. Sai ta ce da 'yarta, "Ki tambayi maigidan naku, ko wani laifi na yi masa?" Uwargida ta juyo ta maimaita mini tambayar kalma bayan kalma, ko da yake tazarar da ke tsakanina da Hajiya ba ta kai kamu biyu ba. Na ce a gaya wa Hajiya na'urar tana girmama manya ne.

A shingen Cadawa jandarma ya karɓi takarduna, ya ja da baya, ya karkata kansa daidai da karkatar motar. Ya ce, "Mushe, takardu sun cika. Amma ita wannan haka aka haife ta?" Na fara yi masa bayanin Citroën. Ya miƙo mini takardun ya ce Allah ya kiyaye hanya, kuma daga muryarsa da gaske yake roƙon.

Mun wuce Maraɗi, mun wuce Tsibiri, garin Sarkin Gobir, muka sauka daga gudron. Nan ne wurin da na sayi abin dominsa. Na latsa ɗaya, sauran ƙafafu uku suka taso suka tarar da ta Hajiya, motar ta daidaita, ta haye tudun rairayi ko gezau. Ina so a rubuta wannan a ajiye: na'urar ta yi aikinta. Ta yi shi har tsawon gona ɗaya da rabi. Sannan bututun da ya kwaso zafin salansa tun daga Gazawa ya narke, aka ji fuuu, bayan motar ya zauna daɓas a kan tudun. Hajiya, wadda ta yi tafiyar kilomita fiye da 100 a sama, ta sauko gaba ɗaya. Ta yi salati, goggo ta amsa.

Amalanken shanu ne ya kai su gidan biki, da su da aya da gara. Ni aka bar ni da wani yaro mai facin taya da aka ɗauko a babur daga bakin hanya. Bai tambayi takarda ba. Ya yanke inda ya narke, ya ɗaure sauran bututun nesa da salansa da tsinken tayar keke, ya tono wasu bawuloli huɗu irin na taya daga ƙasan kwalin, waɗanda na ɗauka gyara ce aka yi mini. Ya sa wa kowace ƙafa ɗaya, ya zare fis ɗin kwamfutar ya ba ni a hannu, ya ce, "Baba, ajiye wannan a aljihu." Sannan ya hura motar da famfon hannu, ƙafa bayan ƙafa, yana auna tsayin da ɗan kara.

Haka take har yau. Tana tashi tana sauka yadda ɗan baffana ya yi alkawari, sai dai maimakon waya yara biyu ne da famfo, kuma su ba sa nuna jan rubutu. Kwampiresan na ciro shi na kafa a zaure, masu kabu-kabu suna zuwa shan iskar taya, dala biyar-biyar, uwargida ke karɓar kuɗin da sunan katanga. Makanikina ya zo ya ga aikin, ya zagaya motar, ya tambayi ko akwai sauran bututu a sayar masa.

A makon jiya aka aiko da goron wani bikin, wannan karon a cikin Gidan Rumji, gudron tun daga ƙofar gida har ƙofar gida. Na ce da uwargida ta shaida wa Hajiya mota na nan a shirye. Ta buga waya, suka yi magana, ta kashe.

"Ta ce a gaishe ka da aiki. Ta ce ta riga ta biya kuɗin motar tasha, har da na goggo."